Uban Aro na Hezron Ayiecho

A bakin kasuwar Kibuye, gefen da 'yan acaɓa ke jeruwa, akwai wani mutum da ke ɗinke kujerun babura a ƙarƙashin laima. Sunansa Hezron Ayiecho, mutumin Uyoma ne, ya haura shekara arba'in. Idan kujerarka ta yage, zai yanko soso daga tsohuwar katifa, ya ja fata a kai, ya ɗinke kafin ka gama shan shayi. Na san shi tun yana yaron mota. Tun da ya fito daga gidan yari sau ɗaya tak aka taɓa yi masa tayin aikin albashi, kuma bai je ba. Waɗanda suka hana shi zuwa su ne masu binciken dalilin da ya sa irinsa ba sa samun aiki.

Laifinsa ba ɓoyayye ba ne, shi ma ba ya musu. Yana kwandastan matatu, motar haya, a layin Kondele, rigima ta tashi a tasha kan wanda zai fara lodi, ya ɗauki sifanar taya ya karya wa wani muƙamuƙi. Alƙali ya ba shi shekara shida. A can ciki aka tura shi sashen kafintoci, ya koyi sa wa kujera soso da yadi, hannunsa ya faɗa. Matarsa Syprose, mai sayar da omena, ƙananan kifin nan na tafki, ta jira shi da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya a Nyalenda. Da ya fito ya bi shagunan kujeru na garin nan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yaba ɗinkin, sannan ya nemi takardar shaidar kyawun hali daga 'yan sanda. Daga nan maganar ke mutuwa.

Mu mutanen Kisumu mun saba da masu bincike kamar yadda muka saba da sauro. Sun ƙirga awakinmu, sun ƙirga gidajen sauronmu, sun ƙirga tsutsar cikin 'ya'yanmu. Sun raba wa wani ƙauye kuɗi, sun hana maƙwabcinsa, don su ga wanda zai fi ramewa. Suna kama gida a Milimani, su sa janareta, su ɗauki 'ya'yanmu masu digiri su rataya musu jaka. A shekarar da nake magana, wata cibiya daga cikinsu ta zo da sabuwar tambaya: shin masu ba da aiki suna ƙyamar wanda ya yi zaman gidan yari? Duk mai sayar da tumatir a Kibuye za ta ba su amsa kyauta. Amma amsar kyauta ba ta kai mutum taro a ƙasar waje.

Ga yadda suke aikin. Ana haɗa maza biyu masu kusan tsayi ɗaya da shekaru ɗaya, a saya musu riga iri ɗaya da takalmi iri ɗaya, a koya musu magana iri ɗaya. Ɗaya ya je neman aiki da safe, ɗaya da rana, wuri guda. Bambancin kawai, ɗaya zai ce ya taɓa zaman gidan yari. Kwamfuta ce ke zaɓar wanda zai faɗa a kowace rana. Da farko ɗalibai suka ɗauka, sai aka ga hannuwansu sun yi laushi, ba mai yarda sun taɓa riƙe guduma. Sai suka je wa wani fasto da ke tara tsofaffin fursunoni, ya ba su mutum goma sha, Ayiecho na ciki.

Mai kula da su wani ne Mista Linus Wekesa, mai digiri biyu da agogo mai nauyi. Farfesan da ke da binciken yana ƙasarsu, ana ganin fuskarsa a allon bango ranar Juma'a idan layi ya yi kyau. Wekesa ne ya raba sunaye. Ya ce doka ta hana kowa zuwa da sunansa na gaskiya. Ayiecho ya zama Tobias Odundo, mutumin Seme, kusa da Kombewa. Laifin ma aka canza masa, aka ce satar waya ya yi, don Farfesa yana son laifi iri ɗaya a bakin kowa.

Ayiecho ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa sata ba. Mutum na daka."

Wekesa, mai kiran kowa omera, wato ɗan'uwa, ya ce, "Omera, ba tarihinka muke nema ba. Kuma ka rage wannan murmushin idan ka zo wajen gidan yari. Ba ka yi kama da wanda ya zauna can ba."

Sauran fursunonin suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "To koma ka ƙaro shida, Hezron, wataƙila ka yi kama."

Doka mafi girma ita ce ta ƙarshe. Idan aka ba ka aiki, ka ce ka gode, za ka yi shawara, ka fita, kada ka sake komawa. Wanda ya karɓi aiki ya ɓata lissafi. A madadin haka akwai ɗan alawus na mako, da babban alkawari: idan aka shiga zango na biyu, waɗanda suka kiyaye doka za a ɗauke su ma'aikatan cibiya, da katin wuya da albashi.

Watanni ya yi yana yawo. Ya gaya mini cewa ranakun da kwamfuta ta wanke shi, har kujera ake ba shi, wani wuri har da shayi da mandazi. Ranakun da ta mayar da shi fursuna, da rigar nan da takalmin nan, ya ga mace ta janye jakarta daga kan tebur, ya ga manaja ya kira maigadi ya tsaya a bayansa. Kullum da yamma ya koma Milimani ya ba da labari, a shigar a kwamfuta. Wekesa ya fi jin daɗin ranakun wulaƙanci. Yakan ce, "Madalla, abin yana fitowa sarai."

Wata Alhamis aka tura shi layin masu akwatin gawa, can bayan asibiti. Shagon na wata mata ce, Mama Perpetua, wadda kowa ke kira Nyar Seme, wato 'yar Seme, kamar yadda muke kiran mace da garin ubanta. Ta sa sanarwa tana neman mai shimfiɗa yadi a cikin akwati. A wajenmu ba a kai mamaci gida a katako tsirara. Sai an sa soso, an ja farin yadi mai sheƙi, an yi masa tattara a gefe, don surukai za su leƙa, kuma za su yi magana. Abokin tafiyar Ayiecho ya riga ya je da safe a matsayin mai tsabta, wanda bai taɓa zaman gidan yari ba, ta ba shi guduma, ya daki yatsansa, ta sallame shi. Da rana Ayiecho ya shigo a matsayin fursuna.

Bai gama haddar da aka koya masa ba ta katse shi. Ta tura masa murfin akwati da ƙafa, ta jefa masa yadi.

"Baki ba ya ɗinki. Nuna mini."

Ya durƙusa ya ja yadin, ya kama tattarar da ƙananan ƙusoshi, ya juya kusurwa ba tare da ta yi kumburi ba. Ta shafa da tafin hannu, ta sake shafawa.

"A ina ka koya?"

"A gidan yari, Mama."

"Me ka yi?"

"Waya na sata."

"To. Abokan cinikina ba su da waya, kuma ba wanda ya taɓa tashi ya nemi takardar 'yan sanda. Kai ɗan ina ne?"

Duk wanda ya girma a nan ya san wannan tambayar ba gaisuwa ba ce. Da ita ake sanin inda za a ajiye mutum: ko ɗan'uwa ne, ko suruki, ko wanda ba a aure a gidansu. Ba ta tsayawa a sunan gari, sai ta kai ga ƙofar gida. Wanda ya zauna a ofis ya haɗa sunaye da garuruwa don su yi daidai a lissafi bai yi tunanin za a yi tambaya ta biyu ba.

"Seme, Mama. Wajen Kombewa."

Ta ajiye almakashi. "Kai! Seme tawa? Ɗan wa?"

"Odundo."

"Wane Odundo? Mai kwalekwale, wanda ya rasu shekarar ambaliya?"

Ayiecho ya ce mini a nan ne ya tuna da Wekesa. Doka ta ce kada ya fita daga sunan da aka ba shi. Ya gyaɗa kai.

Matar ta tafa hannu. "Ashe ɗan gida ne ke tsaye kamar baƙo! Odundo ai da babana kakansu ɗaya. Zauna, ƙanena. Ku kawo masa shayi! Litinin ka zo da safe. Abincin rana a nan kake ci, wata ya ƙare ka ɗauki albashinka. Wanda ya faɗi a gida ake ɗaga shi."

Ya ce ya gode, zai yi shawara. Ta yi dariya ta ce wace shawara ake yi da yunwa.

Yana fita ya buga wa Wekesa waya daga gindin wata bishiya. Ya roƙa a sake shi, ya koma ya gaya wa matar gaskiya tun abin bai yi nisa ba, ya kama aikinsa.

Wekesa ya ce, "An ba ka aiki kana fursuna, an hana mai tsabta? Kai, wannan abin sha'awa ne, Farfesa zai so ya ji. Amma ka san doka."

"Ranka ya daɗe, aikin gaske ne fa. Irin wanda na iya."

"Omera, idan ka koma ka buɗe baki, gobe duk layin nan sun san muna gwada su. Ka rushe aikin mutum nawa ke nan? Kuma ka sa hannu. Ka yi haƙuri, zango na biyu na nan tafe. Kai da za ka rataya kati, me za ka yi da akwatin gawa?"

Da ya koma gida ya tarar da Syprose tana tuƙa ugali, ya gaya mata. Ba ta ɗago ba sai da ta sauke tukunya.

"Baban Akinyi, in ji dai ba ka ce a'a ba?"

"Na ce zan yi shawara."

"Ga shawara: ka je. Gara ƙwai a baka da kaza a akurki. Shekara nawa kana neman wanda zai ji gidan yari bai tsuke fuska ba?"

"Ba ni ta ba aikin ba, Tobias ta ba. Ta ɗauka ni ɗan'uwanta ne."

"To ka je gobe da sassafe ka ce mata, Mama, ƙarya aka sa ni, ga sunana, ga ubana. Ta zage ka, ka durƙusa. Zagi ba ya ƙari. Amma ka bari ya kwana uku, ya yi tsami."

"Mista Wekesa ya ce da kati da albashi."

"Mista Wekesa! Mutumin da ya canza maka uba da rana tsaka, shi za ka ba amanar cikin 'ya'yanka? Romon baka ne, Hezron. Ni kifi nake sayarwa, na san warin abin da ya fara lalacewa."

Bai je ba. Na tambaye shi dalili fiye da sau ɗaya, amsar ba ta canzawa. Shekara shida an koya masa cewa wanda ya bi doka shi ake rage wa kwana. Ga ofis mai sanyi, ga Bature a allo, ga takarda da ya sa wa hannu. Ga kuma kunyar komawa ya kalli matar da ta kira shi ƙane. Litinin ta zo, ya sa rigar cibiya, kwamfuta ta tura shi wani gidan burodi, inda aka ce masa ba sa ɗaukar ɓarayi.

Da aka gama zagaye aka yi musu ɗan biki a farfajiyar ofis, da lemo da samosa. Farfesa ya fito a allo ya ce su ne jaruman wannan aiki. Aka ba kowa riga mai tambari da takardar yabo. Zango na biyu kuwa, masu ba da kuɗi sun ga ya fi dacewa a yi shi a wata ƙasa. Ayiecho ya ji ana neman maigadi a cibiyar, ya tari Wekesa a bakin mota.

Wekesa ya ce, "Da son raina ne, omera. Amma ka'idar ɗaukar ma'aikata a nan, sai da takardar 'yan sanda."

Sai a lokacin ya bi shawarar matarsa. Ya wanke tsohuwar rigarsa, ya tafi layin masu akwati. Abin da bai sani ba shi ne abin da ya faru a bayansa. Da Litinin ta wuce bai zo ba, Mama Perpetua ta damu, ta ɗauka 'yan sanda sun sake kama shi. Ta aika gida Seme a gaya wa iyalan Odundo mai kwalekwale cewa ɗansu Tobias, wanda ya fito daga gidan yari, ya ɓace a birni. Matar marigayin, tsohuwa mai ciwon hawan jini, ba ta taɓa jin wani Tobias ba. A wajenmu ɗan da ya ɓullo bayan mutuwar uba ma'anarsa ɗaya ce: akwai wata mace a ɓoye, kuma ana zuwa neman gona. 'Ya'yan Odundo suka yi taro, suka je wajen dagaci, biyu daga cikinsu suka hau mota har Kisumu suka tsaya a ƙofar shagon suna tambayar Nyar Seme nawa aka biya ta ta ƙirƙiro musu ɗan'uwa. Har yau ba a gayyatar ta biki a wannan gidan.

Tana ganinsa ta miƙe.

"Ga ɗan Odundo! Ku zo ku ga ɗan Odundo!"

Ya durƙusa a kan ɓawon katako, gaban ma'aikatanta. Ya faɗi sunansa, da sunan ubansa, da ƙauyensu a Uyoma. Ya faɗi cibiya da kwamfuta da doka. Ya ce ba waya ya sata ba, mutum ya daka.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Wato gwada ni aka aiko ka yi. Kamar akuyar da ake tattaɓawa a kasuwa."

"Ba ni na tsara ba, Mama."

"Amma kai ka sha shayin. Ka ji ni da kyau. Da ka ce mini kai ka kashe mutum, zan duba hannunka in duba idonka, wataƙila in ce zo Litinin. Rabin masu yi mini aiki sun taɓa kwana a hannun hukuma. Amma ka tsaya a nan ka ajiye ubanka, ka ɗauki na wasu, mataccen da ba zai iya kare kansa ba. Ni sana'ata mayar da mutane gidan ubansu. Da ka faɗi ka mutu a shagon nan, ina zan kai ka? Seme? In haƙa rami a gonar mutane in zuba musu baƙo?"

"Na tuba, Mama. Ki gwada ni ko wata ɗaya, ba albashi."

"Ni ba na gwada mutane. Wannan aikin iyayen gidanka ne. Tashi, kana tare wa masu makoki hanya."

Wani ma'aikacinta ya raka shi har titi, ya ce masa a hankali ɗinkin da ya yi a murfin nan an sayar da shi tun ranar, iyalan mamacin har sun yaba.

Bayan shekara biyu rahoton ya fito. An ƙaddamar da shi a wani otal a Nairobi, na je da katin jarida, na ci naman kaza. An gano cewa wanda ya ce ya yi zaman gidan yari ba a cika kiransa aiki ba kamar wanda bai faɗa ba. Aka yi tafi. Wani ya ce wannan zai buɗe idon gwamnati. Na duba shafukan, na sami layin da ke nuna 'yan wuraren da suka karɓi fursuna. Shagon Mama Perpetua yana cikin wannan adadin, ba suna. A shafin godiya an gode wa masu ba da kuɗi, da kwamitin ɗa'a, da matar Farfesa saboda haƙurinta.

A wajen shan shayi na tari Wekesa, wanda yanzu Dakta ne. Na ba shi labarin Odundo mai kwalekwale. Ya ce abin takaici ne, amma kwamitoci biyu sun duba tsarin sun amince, kuma an bi kowace ƙa'ida. Ya ce sunayen ma kwamfuta ce ta haɗa, don kada son rai ya shiga. Na tambaye shi ko wani ya koma ya yi wa matar bayani, ko ya je Seme ya wanke ta. Ya ce hakan zai karya sirrin mahalarta. Sannan ya tambaye ni ko Hezron ɗin shi ne dogon nan mai murmushi.

Da kuɗin kifin Syprose aka sayi laima da allura da zare. Nan Ayiecho yake tun lokacin. Ranar da aka yi ruwa ba ciniki, ranar da jami'an hukumar kasuwa suka zo kora, ya naɗe fatunsa ya gudu tare da masu tumatir. Duk wanda ya tsaya ya tambayi sunansa, ko ɗan acaɓa ne mai sauri, sai ya ji shi duka: Hezron Ayiecho, ɗan Ragen, na Uyoma. Akwatunan Nyar Seme suna wucewa ta gabansa a kan rufin mota, hanyar ƙauye. Yakan bi su da ido ya ce wanda ta ɗauka a madadinsa ba ya ja wa kusurwa yadi sosai.

Ina zaune a bencinsa watan jiya sai ga wata budurwa da jaka a kafaɗa da kwamfutar hannu, daga wata sabuwar cibiya. Suna binciken masu ƙananan sana'o'i. Ta yi gaisuwa da ladabi, ta kira shi Mzee, wato dattijo, ya ba ta wuri, yana ɗinki tana tambaya.

"Mzee, tun da ka fito, an taɓa yi maka tayin aikin albashi?"

"Sau ɗaya."

"Ka karɓa?"

"A'a."

"Saboda me? Albashi ya yi kaɗan, wurin ya yi nisa, rashin lafiya, ko ba ka da sha'awa?"

Ya ciji zare ya tsinke. "Irinku ne suka hana ni, 'yata."

Ta duba allon, ta ja shi sama, ta ja shi ƙasa. Ta ce babu wannan a ciki, kuma na'urar ba ta wucewa gaba sai an zaɓi ɗaya. Ayiecho ya ce ta zaɓi wanda ya yi mata. Ina kallon yatsarta, ta danna na ƙarshe.